Yini Guda A Malaka, Kasuwar Da Kowa Ya So Mallaka

Mai karatu, a wannan watan za mu yi nisan kiwo. Ɗauko 'yar jakarka ta goyo, irin wadda samarin nan masu yawon duniya da ƙaramin guzuri suke ratayawa a baya, ka jefa gorar ruwa da hula a ciki, don garin da za mu akwai zafi da gumi. Idan ka shiga bas a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, ka yi kudu, cikin kamar awa biyu ka isa Malaka. Masu kallon finafinan Indiya wataƙila sun taɓa jin sunan, domin a shekarar 2008 gwamnatin jihar ta ba Shah Rukh Khan sarautar Datuk, wai don ya tallata ta a fim ɗinsa One 2 Ka 4. An sha surutu a ƙasar a lokacin, 'yan fim na gida suna cewa su da suka tsufa a sana'ar ba a kula su ba sai baƙo. To amma duk wanda ya san tarihin garin ba zai yi mamaki sosai ba. Malaka da baƙi ta tashi, kuma a ranar da ta faɗi, da hannun baƙinta a ciki.

Ka fara da sassafe daga dandalin jajayen gine-gine da ke bakin kogi. Nan za ka ga tsohon gidan gwamna da ake kira Stadthuys, wanda Turawan Holan suka gina wajen 1650, ga cocinsu na 1753 a gefe, ga hasumiyar agogo da wani gidan attajiran Sinawa ya gina a 1886. Jan fentin ma ba na 'yan Holan ba ne, a zamanin Ingilishi aka shafa shi. Masu keke mai ƙafa uku za su yi maka caa, kowane keke ya sha furannin roba da 'yan tsana, ga kiɗa kamar zai fasa kunne. Ka ba su haƙuri, yau da ƙafa za mu yi. Abin da nake so ka tsaya ka duba shi ne kogin nan da 'yar gadar da ke kansa. Kogin bai kai ya kawo ba, yaro mai ƙarfi zai iya jefa dutse ya tsallake shi. Amma shekaru ɗari biyar da suka wuce, kanumfarin da ake ci daga Alƙahira har Turai sai wani kaso nasa ya ratsa bakin wannan ɗan kogi.

Me ya jawo haka? Iska. Malaka tana bakin wani siririn mashigin teku tsakanin Maleshiya da tsibirin Sumatra, kuma shi ne gajeriyar hanya tsakanin Indiya da ƙasar Sin. A wancan zamani jirgin ruwa ba shi da inji, inda iska ta nufa nan yake nufa. Ita kuwa iskar wannan yanki rabin shekara daga kudu maso yamma take busowa, ta kawo jiragen Indiyawa da Larabawa, sauran rabin ta juya ta fito daga arewa maso gabas, ta kawo na Sinawa. Ke nan ɗan kasuwar Gujarat ba ya buƙatar zuwa Sin, na Sin ba ya buƙatar zuwa Gujarat. Sai su haɗu a tsakiya, kowa ya sauke kaya ya zauna wata da watanni yana jiran iskar komawa gida. Mutumin da zai yi wata biyar a gari kuwa, ai sai ya nemi masauki da wurin ibada, wani ma har ya yi aure.

Wanda ya kafa garin wajen shekarar 1400 wani ɗan sarki ne daga Palembang mai suna Parameswara, wanda aka koro daga tsibirin da yau ake kira Singafo. Labarin gargajiya ya ce yana hutawa a gindin wata bishiya mai suna malaka sai ya ga wata 'yar mitsitsiyar barewa ta harbi karen farautarsa ta jefa shi ruwa, sai ya ce wurin da ƙaramar dabba ke da wannan zuciya ya isa a kafa gari. Wannan tatsuniya ce mai daɗi. Abin da ke rubuce shi ne mutumin ya san inda zai jingina. Ya nemi kariyar Sarkin Sin daga barazanar Siyam, wato Tailan ta yau, har ya je fadar Sin da kansa a 1411. Babban kwamandan jiragen Sin, Zheng He, wanda Musulmi ne haifaffen Yunnan, ya riƙa yada zango a Malaka a tafiye-tafiyensa tsakanin 1405 da 1433. A cikin wannan ƙarni gidan sarautar ya karɓi Musulunci, sarakunan suka koma amsa sunan Sultan, ana rubuta harshen Malay da haruffan Larabci kamar ajaminmu. A mafi yawan lokacin da Sultan Mansur Shah yake kan gado, 1459 zuwa 1477, Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Akwai wasu tashoshi a wannan mashigi, iskar nan ba Malaka kaɗai take busawa ba. Abin da ya fifita ta shi ne tsari. An naɗa jami'ai huɗu masu muƙamin Shahbandar, kowanne da jinsin baƙin da yake kula da su: ɗaya na Gujaratawa su kaɗai saboda yawansu, ɗaya na sauran mutanen Indiya da Bama, ɗaya na mutanen Jawa da tsibiran kayan yaji, ɗaya na Sinawa da maƙwabtansu. Jirgi na isowa, Shahbandar zai tarbe shi, ya samar wa mai kaya rumbun ajiya da masauki, ya kai shi gaban manya, in rigima ta taso ya raba. Duk wanda ya san aikin fatoma ko sarkin zango a hanyar Gwanja ya gane abin da ake nufi. Haraji sananne ne, kimanin kashi 6 cikin ɗari ga jiragen da suka fito daga yamma. Akwai rubutacciyar dokar gari, akwai ta teku daban, wadda ta fayyace ikon mai jirgi da haƙƙin ma'aikatansa. Wani Baturen Fotugal mai suna Tomé Pires, wanda ya zauna a garin daga 1512, ya rubuta cewa ana jin harsuna 84 a tashar. Ba soyayya ce ta tara su ba. Kowa ya san abin da za a karɓa a hannunsa da wanda zai kai wa ƙara in an cuce shi.

Hau ɗan tudun da ke bayan Stadthuys kafin rana ta yi zafi. A nan fadar Sultan take a da. Yau abin da za ka tarar kangon coci ne na 1521, ba rufi, an jingina manyan duwatsun kaburburan 'yan Holan a bangonsa. A cikinsa aka ajiye gawar mai wa'azin Katolika Francis Xavier na wasu watanni a 1553 kafin a wuce da ita Goa. Ka duba ko'ina, ba za ka ga bulo ɗaya na zamanin Sultan a tsaye ba. Fadar katako da ke gindin tudun kwaikwayo ce, a shekarun 1980 aka gina ta don masu yawon buɗe ido.

Ga yadda aka yi. Turawan Fotugal sun fara zuwa a 1509 ƙarƙashin Lopes de Sequeira, neman ciniki a baki. 'Yan kasuwar Gujarat, waɗanda suka riga suka ɗanɗana halinsu a tekun Indiya, suka gargaɗi fada, aka far wa baƙin, aka kama wasu. A watan Yuli 1511 Afonso de Albuquerque ya iso da jirage ƙasa da ashirin da mayaƙa dubu ɗaya da 'yan kai. Sultan Mahmud Shah yana da dubban dakaru, da igwa, da giwayen yaƙi. A lissafi bai kamata garin ya ciwu ba. Amma gidan ya riga ya tsage daga ciki. Shekara guda kafin nan Sultan ya sa an kashe babban wazirinsa, Bendahara Tun Mutahir, da mafi yawan iyalinsa, bisa wani tsegumi da ya taso daga rigimar attajirai biyu, sannan ya auri 'yarsa Tun Fatimah. Marubutan Fotugal sun ce masu jiragen Sin da ke tashar suna jin haushin Sultan don ya riƙe musu jirage, sai suka miƙa wa Albuquerque taimako. Wani attajirin Tamil mai suna Nina Chatu yana aika labari ga Turawan a ɓoye. Shugaban Jawawa, Utimutiraja, wanda yake da dubban mutane a ƙarƙashinsa, ya yi ƙafa biyu, yana jiran ya ga wanda zai yi nasara. A kan gadar nan da ka gani da safe aka yi gumurzun, don ita ce ta haɗa ɓangaren fada da ɓangaren kasuwa. Harin farko na 25 ga Yuli bai yi nasara ba, na watan Agusta ya yi. Sultan ya gudu, ya ƙare rayuwarsa a Sumatra a 1528, 'ya'yansa suka kafa sarautun Johor da Perak.

Su ma masu ƙafa biyun ba su sha da daɗi ba. Kafin shekarar ta fita Albuquerque ya sa an sare kan Utimutiraja. Aka rushe babban masallaci da kaburburan sarakuna, aka yi ganuwar A Famosa da duwatsunsu. Ganimar da aka kwasa kuwa aka loda a jirgin Flor de la Mar, ya nutse a gaɓar Sumatra, har yau masu neman dukiya ba su gano shi ba. Wancan ƙaton jirgin katako da ka hango a bakin kogi kwaikwayonsa ne, gidan tarihi aka mayar da shi.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne Fotugal ta sami gari amma kasuwa ta kuɓuce mata. 'Yan kasuwa Musulmi suka kwashe kayansu suka koma Aceh, Johor, Banten da Brunei, suka ƙara ma waɗannan garuruwa arziki da Musulunci. Shekara 130 Turawan suka yi cikin ganuwa suna tare hare-hare. A Janairu 1641 kamfanin 'yan Holan, da taimakon Johor, ya karɓe garin bayan wata biyar na ƙawanya da yunwa da annoba. Su ma ba don su raya shi suka karɓa ba, hankalinsu na kan Batavia, Jakarta ta yau, so suke kawai kada wani ya riƙe shi. Ingilishi suka shigo a 1795, suka ga ganuwar za ta iya zama musu ƙaya nan gaba, sai a 1807 William Farquhar ya fara tarwatsa ta da albarushi. Wani yaro ɗan garin ya tsaya ya kalli abin, daga baya ya rubuta shi a tarihin rayuwarsa. Shi ne Munshi Abdullah, jinin Larabawa da Tamil, wanda ake ɗauka a matsayin uban adabin Malay na zamani, ya kuma rasu a ƙasar Hijaz a tafiyar aikin hajji a 1854. Ƙofa guda ce ta tsira, Porta de Santiago, ita ce wadda kowa ke ɗaukar hoto a gabanta in ya sauko daga tudun. A 1824 Ingila da Holan suka yi musaya, Malaka ta zama ta Ingila dungurungum, amma a lokacin Singafo ta riga ta ɗauke cinikin, bakin kogin ma ya cike da laka. A filin da ke gaban wannan ƙofa Tunku Abdul Rahman ya sanar da ranar samun 'yancin ƙasa a Fabrairu 1956, aka kuma samu a 31 ga Agusta 1957.

Rana ta take, sai a tsallaka gada a nemi abinci. A kula, da yawa daga girkin Sinawa da na Nyonya akwai naman alade, ka nemi shagon da ke da alamar halal ka ci kifi a miyar tsami mai yaji da suke kira asam pedas. Ka bi da cendol, gurzajjiyar ƙanƙara ce da madarar kwakwa da wani baƙin sukari mai kama da mazarƙwaila. Su waɗannan Baba da Nyonya jikokin 'yan kasuwar Sin ne da suka auri matan yankin, suka riƙe addinin kakanni da sunayensu, amma bakinsu da tukunyarsu suka koma na Malay. Indiyawa ma suna da irin nasu, ana ce musu Chitty.

Daga nan ka shiga titin da 'yan talla suka laƙaba wa Titin Jituwa. A 'yar tafiyar da ba ta fi minti biyar ba za ka wuce ɗakin bautar Sinawa na Cheng Hoon Teng na ƙarni na 17, da masallacin Kampung Kling na 1748, da ɗakin bautar Hindu na 1781. Ka tsaya ka yi azahar a masallacin, ka ɗaga kai ka sha kallo: rufi hawa-hawa irin na Jawa da Sumatra, ba ƙubba, hasumiya kamar ta gidan bautar Sinawa, ginshiƙai irin na Turai. Indiyawa Musulmi ne suka gina shi. Kalmar Kling ɗin nan dai a yau zagi ce a Maleshiya, kada ka kira wani da ita. Masu rakiyar baƙi za su ce maka wannan titi shaida ce ta zaman lafiyar da aka gada tun kaka da kakanni. Akwai gaskiya a ciki, amma ka lura dukkan ukun a zamanin 'yan Holan aka gina su, su kuwa sun ci gaba da tsohon tsarin ne na ba kowane jinsi shugabansa, wanda suke kira Kapitan. Waɗanda suka matsa wa lamba 'yan'uwansu Kiristoci ne, 'yan Katolika, sai a 1710 suka sami gina cocin St Peter. Zaman tare a ƙasar nan kuma ba kullum yake lami lafiya ba. A 13 ga Mayu 1969 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur, gwamnati ta ce mutum 196 suka mutu. A nan Malaka ma a 1984 an tashi baje tudun Bukit Cina, tsohuwar maƙabartar Sinawa mai kaburbura sama da dubu goma sha biyu, don a yi gine-gine, sai da jama'a suka tayar da jijiyar wuya aka fasa.

A wani lungu kusa da nan akwai kabarin da aka ce na Hang Jebat ne, kuma a nan masu sha'awar adabi da fim za su so su daɗe. Labarin ya ce Hang Tuah shi ne jarumin jarumai a fadar Malaka. Mahassada suka yi masa ƙazafi, Sultan ya ce a kashe shi ba tare da bincike ba, waziri ya ɓoye shi ya ce an zartar. Amininsa Jebat, da ya ɗauka an kashe ɗan'uwansa bisa zalunci, ya yi tawaye ya mamaye fada, aka rasa mai tunkararsa. Sai waziri ya fito da Tuah, Sultan ya yafe masa, ya umarce shi ya je ya kashe mutumin da ya yi tawaye dominsa. Ya kuwa je ya kashe shi. To wa ya yi daidai, mai biyayya ga sarki ko mai ƙin zalunci? Shekaru aru-aru Tuah ne gwarzo, Jebat maci amana. Daga shekarun neman 'yanci marubuta suka fara juya lissafin. Fim ɗin Hang Tuah na 1956 ya ƙare ne da wannan tambaya a buɗe, na Hang Jebat na 1961, wanda Hussain Haniff ya ba da umarni, ya karkata ga ɗan tawayen. Tsofaffin littattafan ma ba su daidaita ba, a Sejarah Melayu wani ne daban, Hang Kasturi, ya yi tawayen. A 2012 kuma babban masanin tarihi Khoo Kay Kim ya ce babu hujjar cewa an taɓa yin Hang Tuah ɗin, ƙasa ta ɗauki zafi.

Dubi waɗanda suka yi fim ɗin na 1956. Masu kamfanin, 'yan'uwan Shaw, Sinawa ne. Mai ba da umarni, Phani Majumdar, Ba'indiye ne ɗan Bengal. Jarumin, P. Ramlee, haifaffen Penang ne, mahaifinsa daga Aceh. A Singafo masana'antar take. Finafinan Malay na farko Indiyawa ne suka ba da umarnin yawancinsu, cike da waƙa da rawa, kuma an yi musu irin gorin kwaikwayon Indiya da ake yi wa namu na Hausa. A cikin wannan gori P. Ramlee ya koyi aiki har ya zama darakta mai salon kansa, yau kuma tituna da gidajen tarihi ke ɗauke da sunansa, ko da yake ya rasu a 1973 yana ganin an juya masa baya.

La'asar ta yi. In ranar Juma'a ce, Asabar ko Lahadi, titin Jonker zai fara cika da 'yan kasuwar dare. Tun da hukumar UNESCO ta sa Malaka da George Town cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, kuɗin haya ya tashi, tsofaffin maƙera da masu sana'ar hannu da yawa sun ba masu sayar da riguna da tsaraba wuri. Ni dai shawarata ka bar cunkoson, ka tari mota zuwa Ujong Pasir, 'yan kilomitoci kaɗan a bakin teku. A can aka keɓe wa Kristang unguwa a 1933. Su ne jikokin sojojin Fotugal da matan garin, 'yan Katolika, masu sunaye irin su De Silva da Fernandez, fatarsu irin ta kowa a yankin. Zuriyar waɗanda suka zo da igwa a 1511 masunta suka zama. Harshensu, tsohon Fotugis da ya gauraya da Malay, tsofaffi ne suka fi jin sa yanzu, yara sun koma Ingilishi. Cike teku da ake yi don gina otal-otal da manyan kantuna ya tura ruwa nesa da su, ya lalata wuraren da suke kama ƙananan jatan lande, sun sha fitowa suna kuka a kai. Za ka sami tebur a fili ka ci gasasshen kifi da barkono, kana hangen fitilun manyan jiragen dakon mai da na kwantena suna bin mashigin a jere, daga Tekun Fasha zuwa Sin da Japan, ba wanda ke tsayawa a Malaka. In tafiyarka ta dace da ƙarshen watan Yuni, za ka tarar da bikin San Pedro, ranar da suke yi wa kwale-kwalensu ado limaminsu ya zo ya sa musu albarka.